Yadda Na Zama Mayya a Harra ta Gabas

Ba zan taɓa mantawa da watan Rajab ɗin da na jawo wa kaina sunan mayya a Madina ba. Babu wanda ya yi min ƙage, babu wanda ya yi min asiri. Ni na yanka kwali da hannuna, ni na kwaɓa kuka, ni na tsaya gaban madubi ina yaba wa kaina. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Bari in faro daga tushe. Kafin Madina mun yi 'yan shekaru a wani ƙaramin gari a Ingila, inda maigidana ya je ƙaro karatun likita. A can 'yata Hanifa ta fara makaranta, a can na haifi ƙaninta Mubarak. Duk ƙarshen Oktoba mutanen can suna da wani biki da suke kira Halowin. Yara su sa kayan ban tsoro su bi gida-gida ana ba su alewa, a fafe kabewa a yanka mata ido da baki a kunna kyandir a ciki. Shekarar farko na ce Allah ya tsari gatari da noma. Shekara ta biyu Hanifa ta dawo tana kuka wai ita kaɗai ce ba ta sa komai ba a ajinsu, sai na ce to ai wannan tashe ne, tashen Turawa, mu ma da muna yara mun shafa gawayi mun bi gidaje. (Haka nake, in ina son yin abu ba na rasa fatawa.) Kafin mu baro ƙasar na ƙware, har makarantar su Hanifa ta ba ni kyautar uwar da ta fi kowa iya shiga. Shigar mayya nake yi. Kofin shayi aka ba ni, kuma duk baƙon da ya zo gidana sai na nuna masa.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in maigidan ya samu aiki a wani asibiti a Madina. Muka kama haya a unguwar Harra ta Gabas, a gidan wata dattijuwa, Hajja Dije. Iyayenta mutanen wajen Haɗeja ne da suka taho Hajji a ƙasa, aka haife ta a hanya cikin Sudan, ta girma a Madina, 'yar ƙasa ce da takardunta. Gidan hawa uku ne. Ita tana ƙasa, ɗanta da matarsa Nawal da ɗansu Anas suna tsakiya, mu muna sama.

Wannan baiwar Allah ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Mace ba ta tuƙi, maigida kullum yana asibiti, Larabcina kuma na Islamiyya ne, in na yi wa mai baƙala, wato mai kanti, magana sai ya saki baki yana kallona kamar huɗuba nake masa. Hajja ce ta nuna min inda ake samun daddawa da kuka. Ita take sa ɗanta ya kwashe mu zuwa Harami ranar Juma'a. A falonta matan unguwa suke taruwa shan shayi duk yammacin Alhamis, nan kaɗai nake jin Hausa a kunnena in yi dariya har da hawaye. In aka cire gidan Hajja daga rayuwata a lokacin, abin da ya rage bango huɗu ne da ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Ku riƙe wannan, don ku san abin da na ɗauka na yi caca da shi.

Hanifa ce ba ta ji daɗin sauyin ba. Shekararta bakwai, an jefa ta makarantar Larabci, in ta buɗe baki 'yan aji su kwashe da dariya. Yarinyar da sai an ce ta yi shiru ta koma ba ta magana, ta rame, abinci sai da lallashi. Ran nan ina tsefe mata kai sai ta ce, "Mama, bana me za ki zama?"

Na ce, "Me zan zama kamar yaya?"

Ta ce, "Halowin ya kusa. Na duba kalanda."

Da daddare na ɗan taɓa wa babansu maganar, a hankali, kamar mai taɓa ƙarfen da ke kan wuta. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce, "Kul! Kada in sake jin wannan zancen. Nan garin Manzon Allah ne, kuma cikin Rajab muke. Mu baƙi ne, iƙamarmu, takardar zamanmu, a hannun mutane take." Na ce to, ai dama tambaya na yi. Kwana biyu bayan nan aka tura shi taro Jidda, zai yi 'yan kwanaki. Shaiɗan ya matso kusa da kunnena ya ce ga dama ta samu.

Tsarina mai kyau ne, ni a ganina. Babu fita, babu buga ƙofar kowa. A cikin gidanmu za a yi, labule a sauke, daga La'asar zuwa Magariba, a share wuri, shi ke nan. Kabewa kuwa, kun san wa na tambaya? Hajja. Na ce miyar taushe nake marmari, amma irin kabewar nan mai zagaye nake so. Ta tura ɗanta har wajen gonakin Ƙuba ya samo min wata ƙatuwa. Har cewa ta yi, "In kin yi ki sammin, ya binti, na daɗe ban sha taushe ba." (Ya binti take kirana, wato 'yata.)

Ranar na idar da sallar La'asar (e, sai da na yi salla, kada ku ɗauka ko ita na bari), na hau aiki. Na fafe kabewa na yanka mata haƙora. Hanifa na yi mata shigar baƙar mage, da kunnuwan kwali da gashin baki na kwalli. Mubarak na huda masa tsohon zanen gado fari na lulluɓe shi, ya zama fatalwa. Ni kuma na sa baƙar abaya, na naɗa kwali na yi hula mai tsini, na baje gashina. Babu fentin fuska a Harra, sai na kwaɓa garin kuka da man shafawa na mulke fuskata ta koma kore shar. Na shafa kwalli a haƙora biyu na gaba, na ɗauki tsintsiya. Da na kalli madubi, wallahi ko a Ingila ban taɓa yin kyau haka ba.

Muka kashe fitilu muka kunna kyandir a cikin kabewa. Tunda babu gidajen zuwa, ƙofofin cikin gida suka zama gidaje. Su buga ƙofar kicin in buɗe in ba su alewa, in zagaya da gudu in shige ɗakin barci su buga, in fito in shige banɗaki su buga. Kowace ƙofa da irin muryar da nake yi. Hanifa ta yi dariya har ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin mu hau jirgi, kuma ba zan ɓoye muku ba, a lokacin na ji ko me zai biyo baya na yarda.

Abin da na manta shi ne Anas. Ɗan shekara huɗu ne, mai kumatu, kuma gidana gidansu ne, ba ya sallama, turo ƙofa kawai yake ya wuce wajen firji. Ashe da Mubarak ya fitar da ɓawon kabewa bai mayar da sakata ba. Ina laɓe a bayan ƙofar falo na ji takun yaro, na ɗauka nawa ne. Na yi tsalle na dira a gabansa, tsintsiya a sama, na saki wata irin shewa da ni kaina ban san ina da ita ba.

Yaron bai yi kuka nan take ba. Ƙamewa ya yi, ido waje, ga kabewa tana ci da wuta a bayana. Sai fitsari ya biyo ƙafarsa. Sannan ya tsala wata ƙara da na tabbata an ji ta a bakin titi.

Nan hankalina ya gudu ya bar ni. Maimakon in kunna fitila in goge fuska, sai na cafke shi na rungume ina cewa, "Ni ce, Anas, Hala ce, Hala ce!" (Hala suke kiran ƙanwar uwa, haka yake kirana.) Ina magana ina yi masa murmushi da baƙaƙen haƙora, ina tura masa alewa a baki. Ya fizge ya yi waje yana birgima a matakala. Ita kuma Hanifa, 'yar albarka, don ta taimaka, ta leƙa ta saman bene ta ɗaga murya da Hausa tsantsa, Hausar da ko kwana uku ba ta yi da kowa ba:

"Anas, kada ka ji tsoro! Mama ce ta zama mayya!"

Matakalar gidan Hajja tana da amsa-kuwwa. Kuma ranar akwai baƙi a falon ƙasa.

Na wanke fuska da sabulun wanki har fatata ta yi ja. Na sauka in ba da haƙuri, na tarar ƙofar Nawal a kulle, na buga ba a buɗe ba, ina jin motsi a ciki. Na koma sama na tattara hula da kabewa na cusa a baƙar leda na kai kwandon shara na bakin gida, wai ni mai dabara.

Washegari babu wanda ya hawo. Hajja da take aiko min da gurasa mai zafi kowace safiya ba ta aiko ba. Mubarak ya sauka wasa, aka ce masa daga bayan ƙofa Anas ba shi da lafiya. Na yi ta safa da marwa tsakanin taga da ƙofa, in kasa kunne a matakala, in dawo in zauna, in miƙe. Na ɗora tukunya na manta ban zuba ruwa ba.

Da yamma sai ga Maryama, wata 'yar Chadi mai yi mana kitso da lalle, wadda babu labarin da ke kwana a cikinta. Ta ƙi shigowa, a bakin ƙofa ta tsaya, kuma na lura babban yatsanta yana cikin tafin hannunta a dunƙule, irin na mai neman tsari daga maye.

Ta ce, "Ummu Hanifa, ni dai ba ruwana, abin da na ji zan faɗa miki. Yaro tun jiya jikinsa wuta, ba ya ci, ba ya sha, in ya rufe ido sai ya zabura ya ce Hala ta kama shi. An ga kan da kika jefar a shara, da idonsa da haƙoransa da toka a ciki. Kuma ɗazu Hajja ta tare Hanifa a hanyar makaranta ta tambaye ta."

Na ce, "Ta ce mata me?"

"Ta ce duk shekara kike zama, rana ɗaya. Ta ce a Ingila har kyauta aka ba ki don kin fi sauran iyawa."

Na dafa bango. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Maryama ta ƙara da cewa mata sun zauna sun yi ta tuno abubuwa. Wata ta tuna na taɓa jan kumatun Anas na ce kamar in gatsa. Wata ta ce dama ta lura ba na ƙiba duk cin da nake. Wata ta tambaya ko akwai wanda ya san asalin uwata. Uwata! Hajiyata da ke Kano tana jan carbi, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Sannan ta faɗi abin da Hajja take so. A al'adar da iyayenta suka taho da ita, in maye ya kama kurwar yaro, sai an sa shi ya tsallake yaron sau uku kafin kurwar ta dawo. Hajja ta ce in zo gobe bayan Azahar in tsallake jikanta. In na ƙi, to in wata ya ƙare mu nemi wani gidan.

Ku duba min wannan tarko. In na ƙi, na riƙe kurwar yaro, muguwa ce ni. In na tsallaka, na amsa da ƙafata cewa ni ce. Gaba kura, baya sayaki.

A wannan yammacin maigidan ya dawo daga Jidda. Tun a ƙasa ɗan Hajja ya tare shi, don haka ya hawo da labarinsa cikakke. Da ya yi faɗa da na ji sauƙi. Zama ya yi a bakin gado ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

Ya ce, "Na duba yaron. Maƙogwaronsa ne ya kumbura, kuma da alama tun kafin ya gan ki yake ɗauke da shi. Tun jiya ubansa ya kai shi asibiti an ba shi magani, gobe ko jibi zai warware. Amma Hajja ba maƙogwaro take gani ba."

Na ce, "To ka yi mata bayani mana, kai ba likita ba ne?"

Ya ce, "Na yi. Ta ce min, Dakta, kai mijinta ne, kai za a fara rufe wa ido." Ya mayar da tabarau. "Ki saurare ni. Yanzu maganar tana tsakanin Hausawa, sunanta maita. Ranar da ta fita ta shiga kunnen wasu, sihiri za a kira ta. Kin san abin da ke samun baƙon da aka jingina wa sihiri a ƙasar nan."

Na sani. Shi ya sa ban runtsa ba. Na ce masa to in tsallaka ko kada in tsallaka? Ya ce, "Da za ki kwaɓa kuka kin tambaye ni?"

Washegari bayan Azahar na sauka. Na ce a raina ni mai ilimi ce, da bayani zan kashe wutar nan, don haka na tafi da hoton da aka ɗauke mu a makarantar su Hanifa a Ingila. Falon Hajja cike da mata, irin cikar da ko ranar Alhamis ba ya yi. Na yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Wata mai goyo ta ja mayafi ta rufe kan jaririnta. Anas yana kwance a kan katifa a tsakiyar ɗaki, ya yi zuru-zuru, yana ganina ya cusa fuska a cinyar uwarsa. Wannan ya fi komai yi min ciwo, don ina son yaron nan tsakani da Allah.

Na durƙusa na gaida Hajja. Na ce, "Hajja, wallahi tallahi wasa ne. Wasan yara ne na Turawa, kamar tashe."

Ta ce, "Tashe a Rajab?"

Na ce a'a, nasu lokacin daban ne. Ta ce to me ake tunawa da shi? Ni da bakina, maimakon in ce ban sani ba, sai malantar ta motsa. Na ce asalinsa wai dare ne da mutanen da suke cewa matattu suna fitowa suna yawo. Falo ya ɗauki salati. Na yi maza na miƙa hoton don in gyara. Hajja ta kai shi kusa da ido ta daɗe tana kallo. Ga ni a tsakiya da kofina, ga Turawa mata kusan goma a jere, kowacce da hula mai tsini da tsintsiya.

Ta ce, "La haula. Ashe ƙungiya gare ku."

Hoton ya zagaya ɗaki hannu zuwa hannu. Na juya wajen Nawal, don ita ta yi makaranta, na san ba ta yarda da wannan ba. Tana jin Hausa sarai amma da Larabci take amsawa. Ta ce wa surukarta wannan camfi ne, haramun ne, malamai sun hana. Na ji sanyi a raina. Sai ta juyo gare ni, idonta ya kumbura don rashin barci, ta haɗa 'yar Hausarta ta ce, "Amma Hala, ki yi. Me zai rage ki?"

Shi ke nan, an gama da ni. Hajja ta ce, "Ya binti, ban kira ki don in tozarta ki ba. A garin iyayena tsirara ake yi, gaban jama'a. Amma nan Madina ce, ki yi da kayanki." Wato har rangwame aka yi min.

Aka janye Nawal, aka miƙar da yaro. Na miƙe. Na tattare abaya na yi bisimilla a ɓoye, ina roƙon Allah ya yafe min, don ni kaina ban san hukuncin abin da nake yi ba. Na tsallaka na farko. Na juyo na tsallaka na biyu, wata tsohuwa ta ce, "Saura ɗaya, kada ta yi wayo." Raina ya ɓaci, na ce bari in yi na ukun da ƙarfi kowa ya gani a huta. Na ɗaga ƙafa da zuciya, sai babban yatsana ya shige cikin kalmasar abaya.

Jama'a, na tashi sama. Yaron dai na tsallake shi, Allah ya taimake ni, amma ban sauka inda na nufa ba. Na tafi gaba hannu a baje, na daki tiren gahawa, buta ta yi nata wuri, ƙananan kofuna suka watse, dabino ya bi ɗaki yana gangara. Na dira rub da ciki, kaina a cinyar Maryama, ita kuma ta kurma ihu tana neman tsari tana ture ni. Ɗankwalina ya fice. Gashin da na baje tun ranar Halowin ban samu nutsuwar tajewa ba ya miƙe tsaye a gaban matan Harra gaba ɗaya.

Ina nan kwance ina addu'ar ƙasa ta tsage, sai na ji wata 'yar ƙaramar dariya. Anas ne. Ya tashi zaune yana nuna ni da yatsa, yana cewa, "Sitti, Hala tahat!" wato Kaka, Hala ta faɗi. Ya yi ta ƙyaƙyatawa har da tari. Da ya lafa sai ya ɗauki dabino ɗaya daga ƙasa ya kai baki, ya ce wa uwarsa yunwa yake ji.

"Allahu Akbar! Ta sake shi!"

Wata ta rangaɗa guɗa. Nawal ta rungume ɗanta tana kuka. Ni kuwa ina zaune a cikin gahawa ina cewa, "Maganin ne, wallahi maganin asibiti ne ya fara aiki," amma ko ni da na faɗa ban ji muryata ba. Da yaron ya ƙara kwana ɗaya yana zazzaɓi, da wataƙila na wanku. Bai ƙara ba. Kafin Magariba yana tsere a matakala.

Hajja da kanta ta ɗauko ɗankwalina ta ɗaura min. Ta riƙe hannuna biyu ta ce, "Halas, ya binti, magana ta mutu. Babu inda za ku, kuma duk wadda ta fitar da zancen nan waje, ni da ita. Na ga irinku da yawa, sai an yi musu duka suke saki. Ke kuwa kin saki da wuri, kina da tsoron Allah." Na buɗe baki, ta girgiza kai. "Ba laifinki ba ne, a nono ake sha. Ita ma Hanifa Allah ya sa ta yi irin halinki. In ta isa aure dai ku kai ta can gida, inda ba a sani ba."

Ta faɗa ne da tausayi, har tana shafa bayana. Na hau sama na tarar da Hanifa tana jirana a bakin ƙofa, ta ce, "Mama, sun ji daɗin hoton?" Na shige banɗaki na kunna famfo na yi kukana.

Hajja ta cika alkawari. Mun ƙara shekaru a gidan, gurasa ta ci gaba da hawowa, ranar Alhamis wurin zamana yana nan. Har wani girma na samu da ban nema ba, don babu mai yi min musu a falon, kuma mai kitso ta daina karɓar kuɗina. Sau biyu ana kawo min yara masu zazzaɓi daga wasu gidajen, a ce ba zargina ake ba, amma in ɗan taimaka. Na kan tura su wajen maigidan, su tafi suna cewa na yi rowa.

Da shekara ta zagayo Nawal ta haifi mace. Na yi ɗinki, na sayi turare, na sauka barka da zumuɗina. Jaririya tana yawo hannu zuwa hannu, kowa ya ɗauka ya yi addu'a ya miƙa wa na kusa. Da ta iso kan wadda ke gefena na gyara zama na miƙa hannu biyu. Sai Hajja ta yi murmushi ta ce, "Ku kawo ta nan, ta gaji. Ummu Hanifa, ke zuba mana shayi, hannunki ya fi daɗi." Na zuba shayin. Har muka bar Madina ban taɓa ɗaukar yarinyar nan ba.

Abin da na koya shi ne akwai sunan da ba a ara ko da na yini ɗaya ne, don in ka tashi mayarwa babu mai karɓa. Yanzu jikokina suna can Turai, duk Oktoba sai su bugo waya su ce, "Kaka, bana me za ki zama?" Sai in ce musu kakarku zan zama, ita ma da kyar nake iyawa.